Abin da tsohon ambulan ya sani: wasiƙun yaƙi da hatimin kogi

Muna yara, idan wasiƙa ta iso gida, kan sarki kawai muke jira. Babba ya farke ya karanta, mu kuma mu yi wawar ambulan, mu yage kusurwarsa, mu jiƙa a ruwa har kan sarkin ya saki, mu shanya a bayan faranti. Sauran takardar ta tafi murhu ko wajen mai ƙosai. Sai da na girma na gane tsaba muke zubarwa muna tattara ƙaiƙayi. Kan sarki shi kaɗai bai san komai ba sai ƙasar da ta buga shi da kuɗinsa. Ambulan kuwa ya san wanda ya aiko da wanda aka aika wa, ya san ranar da ya tashi, garuruwan da ya kwana, hannun da ya buɗe shi a hanya, da kuma ko an biya kuɗinsa ko bashi ya tafi da shi.

Masu tara tsofaffin wasiƙu a Turai sun daɗe da gane haka. A cikinsu akwai waɗanda suka ƙwallafa rai a kan iri biyu: wasiƙun da aka aika lokacin yaƙi, da waɗanda suka bi ta kogi. A Afirka iri biyun nan sukan haɗu a ambulan guda, kuma dalilin a fili yake. A ƙarshen ƙarni na 19 babu titin mota, dogo bai shigo ciki ba, saboda haka kogi ne babbar hanya. Jirgin da ya hau da igwa da harsashi shi ne zai gangaro da jakar wasiƙu. Haka aka yi a Kwara da Binuwai, haka aka yi a Nilu.

Mu fara da na kusa. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin George Goldie, wato Royal Niger Company, izinin mulki da ciniki a bakin Kwara. Kamfanin yana da jiragensa da sojojinsa da kotunsa, amma bai taɓa buga kan sarkinsa ba. Na Ingila ake liƙawa, mai hoton Sarauniya Biktoriya, irin wanda mutumin Landan ke saya a unguwarsu. To idan aka ɓare shi daga ambulan, wa zai san ya taɓa zuwa Afirka? Abin da ke tona asalinsa shi ne hatimin kamfanin, wanda akawu ke bugawa, yawanci da tawada mai ruwan shuni-shuni. Da farko ma a gefe ake buga shi, a bar kan sarkin ba a taɓa ba sai wasiƙa ta isa Ingila a soke shi a can. Daga baya ne aka koma soke kan sarkin da hatimin kamfani kai tsaye.

Wurare huɗu aka fi sani da wannan hatimi: Akassa da Burutu a can bakin teku, sai Abutshi kusa da Anaca, sai Lakwaja inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Akassa ta riga kowa, tun ƙarshen shekarun 1880. Na Lakwaja da na Abutshi kuwa sai a 1899 suka bayyana, ga shi ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfani a Lakwaja, Gwamna Lugga ya ɗaga ta gwamnatin Ingila. Ke nan hatimin kamfani na waɗannan garuruwa biyu bai ko cika shekara yana aiki ba. A ƙara da cewa masu aika wasiƙa daga can ba su wuce 'yan Turawan kanti da hafsoshi da 'yan mishan ba, sannan a cire waɗanda gara ta ci, da waɗanda yara irinmu suka yage. Abin da ya rage shi ne tsadar. Mutane kan ɗauka tsufa ne ke sa hatimi tsada, alhali kan sarki na farko a duniya, baƙin nan na kwabo ɗaya da Ingila ta fitar a 1840, an buga shi miliyoyi, kuma ya fi hatimin Abutshi sauƙin samu nesa ba kusa ba.

Wannan lissafin shekaru shi ne makamin farko na mai saye. A Janairun 1897 sojojin kamfani suka tashi daga Lakwaja suka auka wa Bida, a Fabrairu suka juya Ilori. Hafsoshin da suka yi wannan fita sun rubuta gida, kuma wasiƙunsu na cikin abin da ake nema. Amma wasiƙar da ta fito daga wannan yaƙi sai ta gangara har bakin teku kafin ta haɗu da hatimin gidan waya. Idan dillali ya miƙo maka ambulan ya ce na yaƙin Bida ne, ga hatimin gidan waya na Lakwaja ɗauke da 1897, ba ka buƙatar gilashin ƙara girma. Hatimin ya riga haihuwarsa da shekara biyu.

Bayan 1900 abin ya ƙara daɗi ga mai bincike. An buga wa Arewa kan sarkinta a wannan shekara, amma hatimin kwanan wata bai wadata ba, don haka a wasu tashoshi, irin su Jebba, da alƙalami ake soke kan sarki, a rubuta sunan gari da rana da hannu. Wannan iri ya fi kowane daɗin kallo a wurina, domin kana ganin hannun mutum, ya kuma fi kowane haɗari, domin duk mai alƙalami da tsohuwar tawada yana iya gwada sa'arsa. Masana sukan kwatanta rubutun da wasu da aka riga aka tabbatar, yadda malamin zaure ke gane hannun almajirinsa a cikin alluna hamsin.

Hanyar wasiƙa a lokacin sananniya ce. Wadda hafsa ya rubuta bayan faɗuwar Kano a Fabrairun 1903, ko ta Sakkwato a Maris, masinja ne zai ɗauke ta a ka zuwa Zungeru, hedikwatar Lugga tun 1902. Daga nan ta nemi ruwa, ta gangara Lakwaja, ta sauka Burutu ko Forcados, ta shiga babban jirgin kamfanin Elder Dempster zuwa Libaful ta Ingila. Kowane zango na iya barin tambarinsa, kuma mafi yawa a bayan ambulan suke. Shi ya sa gwani, da ka miƙa masa ambulan, kifa shi yake fara yi. Yana so ya ga ranakun sun jeru kamar tsani: Zungeru, sai Lakwaja, sai Ingila, da tazarar da ƙafa da kwalekwale da jirgin hayaƙi za su iya ci. Wasiƙar da ta bar Lakwaja ta isa Landan cikin kwana goma a 1903, aljani ne ya kai ta.

Me ke mayar da ambulan ya zama na yaƙi? Ba hoton bindiga ba ne. Galibi rubutu ne ɗan kaɗan a saman ambulan. Sojan da ke daji ba shi da inda zai sayi kan sarki, sai ya rubuta da Ingilishi cewa yana bakin daga kuma babu kan sarki a inda yake. Wasiƙar ta tafi haka, a karɓi kuɗin a hannun wanda aka kai wa, ko a yafe gaba ɗaya, gwargwadon dokar wannan yaƙi. Tun 1795 Ingila ta yi wa ƙananan sojojinta rangwamen aika wasiƙa a kan kwabo ɗaya, da sharaɗin ya rubuta sunansa da rundunarsa, kwamandansa ya sa hannu. Wannan sa hannun taska ne, domin ana iya bin sunan hafsan a kundin soja a ga ko da gaske yana wurin a wannan wata. A Yaƙin Duniya na Farko kuma ga tambarin mai tace wasiƙu, wanda ke karantawa ya goge duk abin da zai amfani abokin gaba. Kuɗin aikawa ma shaida ne. A tsakiyar shekarun 1890 wasiƙa mara nauyi zuwa Ingila kwabo biyu da rabi ce, daga Kirsimetin 1898 aka sauko da ita kwabo ɗaya a yawancin ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Ambulan mai ɗauke da kan sarkin sule biyar a kan ƙaramar wasiƙa yana bukatar ya yi bayani.

Akwai kuma shaidar da maƙaryata suka fi mantawa da ita, wato kogin kansa. Binuwai ba kullum take ɗaukar jirgi ba. Da rani yashi ne shimfiɗe, a wasu wuraren yaro ma ya tsallaka da ƙafa. Jirgin hayaƙi ba ya kaiwa Yola da Garwa sai ruwa ya cika, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, 'yan watanni kaɗan. Sauran shekara sai kwalekwale da gora, ko masinja a ƙasa. Saboda haka wasiƙu biyu daga gari ɗaya zuwa gida ɗaya, ɗaya a Satumba ɗaya a Maris, ba za su ci kwanaki iri ɗaya a hanya ba, kuma bai kamata su ci ba.

Yaƙin Kamaru ya nuna wannan sarai. A ƙarshen Agustan 1914 rundunar da ta fito daga Yola, wadda Hausawa suka cika ta, ta kai wa Jamusawa hari a Garwa ta sha kashi, har kwamandanta Maclear ya mutu a wurin. Sai da aka jawo manyan igwa ta kogi da kyar da jiɓin goshi, Ingilishi da Faransawa suka haɗa ƙarfi, sannan Garwa ta sallama ranar 10 ga Yunin 1915. A kan dutsen Mora kuwa kwamandan Jamusawa von Raben ya ƙi saukowa har Fabrairun 1916. Wasiƙun wannan ɓangare na arewa ta Najeriya suke komawa. Can kudu, a Duwala, labarin daban ne. An kama wani jirgin Jamus mai suna Professor Woermann a Firitawun ta Saliyo, aka sami tarin kan sarkin Kamaru a ciki, masu hoton jirgin ruwan Sarkin Jamus. Aka buga musu haruffan C.E.F., wato rundunar da ta zo yaƙin Kamaru, da kuɗin Ingila a kai, aka fara sayar da su a Yulin 1915. Dillalan Turai suka yi musu rubdugu tun a lokacin, 'yan jabu suka biyo baya. Duk wanda ya ga irin wannan kan sarki da hatimin watan Maris na 1915, ya mayar wa mai shi kayansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan sana'a kalanda ce ke ƙure shi.

Sai dai a yi adalci wajen suna. Hatiman Kwara da na ambata na tashoshin bakin kogi ne, a ƙasa ake buga su. Wanda ke son ganin hatimin kogi na ainihi, wanda aka buga a kan ruwa jirgi na tafiya, sai ya nufi Sudan.

Can ma yaƙi ne ya buɗe hanya. Hartum ta faɗa hannun Mahadi ranar 26 ga Janairun 1885, kuma kafin nan saƙonnin ƙarshe na Gordon, janar ɗin Ingila da aka yi wa ƙawanya a garin, ta jiragen kogi da 'yan saƙon ɓoye suke fita. Da Janar Kitchener ya dawo da rundunar Masar da Ingila daga 1896, ya ci Dongola, ya ci Atbara a Afrilun 1898, ya gama da Omdurman ranar 2 ga Satumba, gidan waya na bin sa a baya. A 1897 kan sarkin Masar aka buga wa sunan Sudan da Faransanci da Larabci. Ranar 1 ga Maris 1898 aka fitar da sanannen nan mai hoton masinja a kan raƙumi, wanda wani hafsa, Stanton, ya zana. A jikin jakar da ke kan raƙumin an rubuta Berber da Hartum, alhali Hartum ba ta shiga hannunsu ba sai bayan wata shida. Rigar da ba a ɗinka ba aka sa wa aljihu. Takardar da aka fara buga shi a kai tana da wata alama a cikinta mai kama da gicciye, Musulmi suka nuna ƙyama, a 1902 aka canza ta zuwa wata da tauraro. Wannan ma ma'auni ne: ɗaga kan sarkin a haske, idan wata da tauraro ka gani, ba zai zama na wasiƙar yaƙin Omdurman ba.

Nilu ba ya biyuwa a miƙe saboda duwatsun da ke tsinka shi, don haka tafiya ta zama yanki-yanki, nan dogo, can jirgin ruwa. Dogon Masar ya tsaya a Shellal, kudu da Aswan. Na Sudan ya fara daga Wadi Halfa. Tsakaninsu kusan kilomita 350 sai ta ruwa. A cikin jirgin aka ware ɗaki aka sa ma'aikacin gidan waya, yana rarraba wasiƙu ana tafe, yana karɓar na mutanen da ke jira a kowace mashaya, yana buga musu hatiminsa. Wannan hatimi ba ya ɗauke da sunan gari guda. Sunan hanya yake ɗauka, Shellal da Halfa, da haruffan T.P.O., ma'ana gidan waya mai tafiya, Ingilishi da Larabci a zagaye ɗaya. Haka aka yi a Farin Nilu, zuwa kudu ta cikin fadamar Sudd inda ciyawa kan toshe hanya jirgi ya yi kwanaki a tsaye. Daga Kosti zuwa Juba ya haura kilomita 1,400.

A nan sabon shiga ke yin kuskure biyu. Na farko, ya ga hatimin Shellal da Halfa ya ce abin nema ya samu. Ai wannan hanya ce ta 'yan yawon buɗe ido, kowane hunturu suna tururuwa suna aika katin gaisuwa gida, don haka hatiminta ya yi yawa. Darajarsa sai in ya haɗu da wani abu, kamar tambarin mai tacewa na 1940, lokacin da Italiya ta shiga yaƙi ta kama garin Kassala a gabashin Sudan. Masu wuyar samu su ne na ƙananan rassa da jirgi ke shiga da cikar ruwa kawai, irin Sobat da ke kaiwa Gambela a cikin Habasha, inda aka yi shekaru ana amfani da kan sarkin Sudan a ƙasar da ba Sudan ba. Kuskure na biyu shi ne zaton hatimin zai faɗi inda aka rubuta wasiƙa. Ba zai faɗa ba. Rana ya sani da hanya. Sai an haɗa da abin da mai wasiƙa ya rubuta a kanta da jadawalin tashin jirage kafin a ce a mashaya kaza aka miƙa ta. Sunayen ma suna da shekaru. Juba ba ta zama ƙarshen zango ba sai wajen ƙarshen shekarun 1920, kafin nan Rejaf ake ambata. Tsohuwar Wadi Halfa kuwa, da gidan wayarta da mashayarta, tana ƙarƙashin ruwan madatsar Aswan tun shekarun 1960.

Jabu iri-iri ne, kuma wanda aka ƙera daga tushe shi ne mafi sauƙin kamawa. Mai wahala shi ne na gaskiya da aka yi wa ƙari. A sami ambulan na ainihi maras tsada, a ɓare kan sarkinsa a liƙa mai tsada. Ko a ƙara masa tambarin mai tacewa don ya zama na yaƙi. Ko a sami hatimin da ya fito rabi, a ƙarasa haruffan da alƙalami su ba da sunan da ake so. Abin da ake fara dubawa shi ne ko hatimin ya hau kan sarki ya sauka a kan ambulan ba tare da layinsa ya karye ba. Sannan tawada: tsohuwa ta nutse cikin takarda, sabuwa tana zaune a sama, kuma fitila mai hasken shuni takan nuna wurin da aka goge ko aka wanke. Hatimi ma yana tsufa kamar haƙori. Idan wani harafi ya gutsure a wata shekara, duk bugun da ya biyo baya da giɓin zai fito. Ƙungiyoyin masu nazarin wasiƙun Afirka ta Yamma da na Sudan a Ingila sun yi shekaru suna tattara ranar farko da ta ƙarshe da aka ga kowane hatimi, kuma Royal Philatelic Society ta Landan, wadda aka kafa a 1869, tana da kwamitin da ke duba kaya ya ba da takardar shaida. Wanda zai zuba kuɗi masu nauyi a gwanjon intanet ba tare da irin wannan takarda ba, don ya ga farashi ya faɗi, ya tuna araha ba ta ado. Akwai kuma wani iri da ba jabu ba ne amma bai kai ba: ambulan ɗin da mai tarawa ya shirya da kansa, ya jera masa kan sarki kala-kala, ya roƙi akawu ya buga masa hatimi tsaf-tsaf. Ni dai na fi son mai datti da lanƙwasa wanda ya yi aikin da aka yi shi dominsa.

Wani abu yana ci mini tuwo a ƙwarya game da wannan fanni duka. Kusan kowane ambulan da na ambata, wanda ya zo cin ƙasa ne ya rubuta shi. Mutanen da aka ci su ma suna rubutu. Da aka shiga Sakkwato a 1903 an sami tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, na sarakuna suna sanar da juna motsin Nasara a bakin Kwara da Binuwai. Su ma wasiƙun yaƙi ne, wasunsu ma labarin kogi suke bayarwa. Amma manzo ne ya kai su a cikin gafaka, hatimin da ke kansu na sarki ne, ba na gidan waya ba, don haka kundin farashin masu tarawa bai san da zamansu ba. Haka jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu: sun yi shekaru suna aika saƙo gida ta hannun alhazai, ba tambari ba kwanan wata.

Wasiƙa kuma inda aka aika ta can take zama. Na Lakwaja da Yola suna Ingila domin can aka kai su. Abin da zai yiwu a samu a gidajenmu shi ne wanda aka aiko mana, kuma mafi kusa shi ne na yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945, da 'yan Arewa dubbai a cikinsu. Wasiƙunsu ba sa ɗauke da sunan gari, da gangan. Lamba ce kawai ta gidan wayar soja a cikin hatimin, da tambarin mai tacewa, da lambar sojan, sau da yawa da hannun wani akawun bataliya da ya rubuta masa. An tattara jerin waɗannan lambobi bayan yaƙi, ta yadda lamba da rana za su iya nuna wace runduna ce, kuma a wane yanki take a wannan mako.

Wanda ya buɗe adakar kakansa ya ci karo da irin wannan, kada ya ɓare komai, kada ya liƙe yagewar da salatif, kada kuma ya kai shago a manne masa leda da zafi, domin wannan ba ya warwaruwa. A bar takardar ciki tare da ambulan ɗinta, a sa tsakanin farar takarda biyu, a ɗaga daga ƙasa saboda gara da danshin damina. A ɗauki hoton gaba, sannan a kifa a ɗauki na baya.